Kada a Yanke wa Famfon Mai Hukunci Kafin a Ji Shaidu

Duk wanda ya saba bin hanyar nan ta Zariya da ta taso daga Samaru, ta ratsa Palladan da Kwangila, ta gangara PZ har cikin Sabon Gari, in dai yakan zauna a kujerar baya ta motar haya ko ta wani ɗan'uwa, lalle kunnensa ya taɓa tsinkayar wani siririn kuka mai fitowa daga ƙarƙashin mazauninsa, wanda ba na inji ba ne, ba kuma na taya ba, yakan tsananta in an tsaya cikin cunkoso da rana tsaka, ya kuma lafa in an shiga gidan mai an sha. Wannan kuka na famfon mai ne, wato ɗan injin lantarkin nan da ke zaune cikin tanki yana tura fetur zuwa gaba, kuma tun da motoci masu injekta suka kori masu kafireta daga titunanmu, babu wani ƙarfe a jikin mota da ake saye, a jefar, a sake saye kamarsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan ɗan al'amari, wanda wani zai ga bai kai a ɓata masa tawada a jarida ba, shi ne wata al'ada da ta yi kanta a garejojinmu, har ta zama kamar sunna a wurin masu sana'ar. Da zarar mai mota ya ce, "Maigida, ina jin ƙara ta baya," sai bakanike ya sa yaro ya murɗa makulli, shi kuwa ya kara kunne a jikin kujera, ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "Alhaji, famfo ya tafi, sai dai wani." A ra'ayina wannan hukunci ne ba da bayyina ba. Alƙalin da ya san aikinsa, in mutum ya faɗo masa zaure yana kururuwa, ba ya cewa a ɗaure shi don muryarsa aka ji. Yakan tambaya me ya same shi, wa ya taɓa shi, ina kuma shaidu. Famfon da ke kuka, a galibin lokuta, shi ne wanda aka zalunta, masu laifin kuwa suna nan kewaye da shi, kuma in aka cire shi aka bar su, to wanda aka sa a gurbinsa ma abin da ya sami na farko shi zai same shi, illa iyaka mai mota ya biya kuɗi sau biyu.

Ba na zargin kanikawanmu da rashin basira, domin kuwa sanin asalin al'amari yakan sa a yi wa mutane uzuri. Manyan masu garejin Sabon Gari, da waɗanda suka koya a hannunsu, sun buɗe ido ne a zamanin Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, har 404 da 504 suka zama su ne motar gwamnati, motar malamin jami'a, motar tasha. A waɗannan motoci famfon mai yana manne ne a jikin inji, injin ne ke motsa shi, matsin da yake bayarwa bai kai rabin awon bar ɗaya ba, kafireta kuwa tana da ɗan kaskonta da take tara mai, ba ta damu ƙwarai ba ko ya zo da ƙarfi ko ya zo a hankali. Kunne da yatsa da baki sun ishi mai gyara: ya zuƙi tiyo, ya hura jet, ya saurari inji, mota ta tashi. Amma bayan da darajar naira ta karye daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai jama'a suka koma ga na hannu da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas, alhali kuwa a can Turai, inda kamfanin Bosch ya fara sa injekta mai aiki da lantarki a wata Volkswagen tun 1967, dokokin hana gurɓata iska sun riga sun kawo ƙarshen kafireta a farkon shekarun 1990. Da farko mun yi wa abin gardama, aka riƙa ciro injekta ana dasa kafireta a Golf da Marsandi, mota ta riƙa shan mai kamar ba gobe. Daga baya gardama ta ƙare, domin Honda da Toyota da 406 da Sharon da suka cika gari ba su karɓar wannan tiyata.

To, shi wannan sabon famfo ɗabi'arsa daban ce, kuma wajibi ne mai mota ya san ta ko da a taƙaice. Ƙaramin inji ne mai cin wutar batir, bolt 12, nutse cikin fetur, yana juya wata 'yar farfela da gudun gaske. Yana zuƙo mai ta cikin wata 'yar rariya mai laushi da ke bakinsa, ya tura shi ta filta zuwa nozul da matsin da ya kai wajen bar 3 a yawancin motoci, wani bawul kuma yana daidaita matsin ya mayar da rarar cikin tanki. Hikimar da ke ciki, wadda kuma ita ce rauninsa, ita ce fetur ɗin da yake turawa ta cikin cikinsa yake ratsawa, shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke yi masa aikin man shafawa. In yana da lafiya, za a ji ɗan guna-guninsa na daƙiƙa 2 ko 3 in an murɗa makulli kafin a tayar, sannan ƙarar inji ta rufe shi. Wannan ba aibi ba ne, bal ma rashin jinsa shi ne abin tsoro. Kukan da muke magana shi ne wanda ya ɗaga har fasinja ya ji shi mota tana tafiya, ko yake hawa yana sauka, ko ya zo tare da shiƙar inji a kan hawa da wuyar tashi da safe.

Mai laifi na farko, kuma mafi girma a wannan zamani, shi ne yunwa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya yi shelar janye tallafi, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000, sai ya zamana jan fitilar nan ta rizab, wadda aka yi don ta yi gargaɗi jefi-jefi, ta zama ita ce fitilar da ba ta mutuwa a gaban direba. Tankin da ya kusa ƙafewa yana cutar da famfo ta fuskoki da yawa: ɗan man da ya rage yakan yi zafi da sauri, musamman a motocin da ke mayar da rarar mai daga wajen inji mai zafi, in an sha kwana ko an faɗa rami sai man ya kwarara gefe guda, famfo ya haɗiyi iska, ga shi kuma a bazarar Zariya, sa'ad da zafi ke kusantar digiri 40, fetur mai ɗumi da ake zuƙa da ƙarfi yakan tafasa ya yi kumfa a bakin farfela, kumfar nan kuwa ita ce ke fashewa tana ba da wannan ƙara mai kama da niƙan tsakuwa, tana kuma cin ƙarfen a hankali. Gaskiya ne motocin baya-bayan nan suna da wani ɗan bokiti da famfo ke zama ciki, wanda ke riƙe masa mai ko da tanki ya yi ƙasa, sun fi jure wannan hali. Amma babu famfon da ke jure a bar mota ta mutu don ƙarewar mai sau da yawa, a yi ta murɗa makulli yana juyawa a bushe.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba ƙarya ba ne: wanda ke shan na dubu uku ba don sha'awa yake yi ba, abin da aljihu ya bayar ke nan. Sai dai akwai wani lissafi da nake roƙon masu motoci su yi da natsuwa. Tankin Golf 3 lita 55 yake ci, na 406 lita 70. Rubu'insu bai wuce lita 14 zuwa 18 ba. Mutumin da ke ƙona lita 5 kullum tsakanin Samaru da unguwar Kongo, lita 5 ɗin nan dai zai saya, ko ya zuba ta a kan tanki wayam ko ya zuba ta a kan rubu'in da ke kwance. Ashe ke nan rubu'in nan sau ɗaya tak ake biyan kuɗinsa, ana iya tara shi lita-lita cikin wata guda, sannan ya zauna a matsayin ajiya, mai amfani ga famfo, mai amfani kuma ran da haihuwa ta taso da tsakar dare za a nufi asibitin Shika. Inda wannan lissafi ke wargajewa shi ne wajen direban haya, wanda mota ba tasa ba ce, yana kai balas kowace yamma, gobe kuma mai yiwuwa wani ne zai karɓi makulli, saboda haka duk litar da ya bari a tanki sadaka ce ya yi wa wanda bai roƙe shi ba. A nan alhakin yana wuyan mai motar: shi ya kamata ya zuba wannan rubu'i daga aljihunsa, ya sa sharaɗi cewa a inda aka karɓi allura a nan za a mayar da ita, tun da shi ne zai sayi famfo in ya ƙone. Haka kuma waɗanda suka juya motocinsu zuwa gas, suka ɗauka sun yi sallama da fetur, su sani a yawancin irin wannan juyi famfon yana nan yana aiki ko da inji gas yake ci, kuma barin tanki a bushe halaka shi ne.

Mai laifi na biyu shi ne ƙazanta. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da hukuma da bakinta ta amsa cewa an shigo da fetur daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka dawo gidajen mai, motoci da dama kuma suka kwanta. Wannan babba ce da duniya ta ji. Ƙananan da ba a ji su ne na kullum: jarkar ɗan bumburutu da ta sha ƙurar hunturu a bakin titi, mazurarin da ake ajiyewa a ƙasa, fetur da aka yi wa algus da kananzir ko wani abin da ba a san asalinsa ba, ruwan damina da ke tsiyaya cikin tankunan ƙasa na gidajen man da ba a kula da su, da tsatsar da ruwan nan ke haifarwa a tsofaffin tankunan ƙarfe. Duk wannan a bakin 'yar rariyar nan yake taruwa, in ta toshe famfo ya riƙa zuƙa ba ya samu, in kuwa filta ce ta toshe ya riƙa turawa ba ya wucewa, ya ja wuta fiye da ƙa'ida, ya yi zafi, ya yi kuka. Rariya da filta kuɗinsu bai kai kusa da na famfo ba, amma sau nawa aka taɓa jin bakanike ya fara da su? Mafi muni ma, akwai yaran gareji da in rariya ta ƙi zama a bakin sabon famfo sai su yar da ita, su rufe tanki, su ce ai ba ta da wani aiki.

Akwai kuma laifin waya, wanda bakaniken inji ba ya dubawa don yana ganin hurumin mai wayarin ne, mai wayarin kuwa ba a kira shi ba. Soket da ya ƙone ya yi baƙi a saman tanki, wayar as da ta yi tsatsa, rile da ya gaji, duk suna rage wutar da ke isa famfo, ya riƙa aiki da wahala muryarsa tana rawa. Maganin da aka fi yi, wato a ja waya kai tsaye daga makulli a tsallake rile da fiyus, ni a wurina ya wuce makaruhi ya shiga haram, domin masu ƙera mota sun shirya ne ƙwaƙwalwarta ta yanke wa famfo wuta da zarar inji ya tsaya, don in an yi hatsari tiyo ya fashe kada ya ci gaba da feso fetur a kan ƙarfe mai zafi alhali mutane suna maƙale a ciki. Sauran ƙananan dalilai ba sa bukatar dogon bayani: tankin da ya bugi tudun rage gudu ya lotsa har ya danne rariya, hanyar shan iskar tanki da ta toshe har in an buɗe murfi a ji ya ja numfashi, tiyo da ya lanƙwashe, ko famfon da aka ɗaure ba tare da robar da ke raba shi da ƙarfe ba, wanda lafiyarsa ƙalau, jikin mota ne kawai ke amsa amonsa.

In an tashi saye kuma sai a faɗa wata sabuwar fitina. A shagunan kayan gyara na Sabon Gari, kamar yadda yake a Ƙofar Ruwa ta Kano, za a ajiye wa mutum sabo a kwali da na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, hujjar da mai shago zai kafa kuwa ita ce ya dangwala wayoyi biyu a kan batir, abu ya yi fir, ya ce, "Ka ji da kunnenka, yallaɓai." Juyawa ba ita ce matsi ba. Famfon da farfelarsa ta cinye zai juya sarai, amma ba zai iya cika awon da nozul ke bukata ba. Ga shi kuma ba kowane ne ya dace da kowace mota ba, domin Golf 3 mai nozul guda wajen bar 1 take so, Camry da Accord wajen 3 ko sama da haka kaɗan, tsofaffin Marsandi kuwa har wajen 5. Sayen abin da ba a san halinsa ba, a kan shaidar da ba ta tabbatar da komai, shi ne abin da malaman fiƙihu ke kira garari, kuma ba don a ƙuntata wa 'yan kasuwa suka hana shi ba, sai don sun san ƙarshensa husuma ce. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta ma yi nisa a wannan babi, har ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka damƙa musu, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani, saboda maslahar jama'a. Ban ga abin da zai fitar da bakanike daga wannan hukunci ba in ya yar da rariya ko ya tsallake fiyus, mota ta lalace ta dalilinsa.

Bayyinar da nake nema ba wani abu ne mai wuyar samu ba. Geji ne na auna matsin mai, da mitar auna wuta, waɗanda kuɗinsu a haɗe bai fi na famfo mai kyau ɗaya ko biyu ba, suna kuma shekaru suna aiki. Da su ake gane, cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, ko matsi ya cika, ko yana faɗuwa in an taka totur, ko yana zubewa in an kashe inji, ko wutar da ke barin batir tana isa tanki cikakkiya. Abin da ake yi a maimakonsu, wato a zare tiyo a murɗa makulli a ga yadda fetur ke feshi, a ce "yana kawowa" ko "ba ya kawowa," bai isa ba, domin ido ba ya bambanta bar 2 da bar 3, ga kuma kasadar gobara a wurin da mai walda ke aiki taku goma daga nan. Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan rashi yana faruwa ne a garin da ya tara ma'abota ilmin ƙarfe da inji: Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962 da tsangayarta ta injiniya, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama tana Palladan, Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tana hanyar Basawa tun 1986, ga kuma Kwalejin Nuhu Bamalli. Tsakanin ɗakunan gwajinsu da rumfunan kanikawa tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep, amma ɗalibi yakan gama digiri bai taɓa kwance tanki ba, yaron gareji kuma ya yi shekara bakwai yana kwancewa bai taɓa riƙe geji ba. Da ƙungiyar kanikawa ta NATA za ta nemi ɗaya daga cikin waɗannan makarantu su shirya bita ta 'yan Asabar kaɗan, da Hausa, a cikin gareji ba a zauren lacca ba, kowane rukunin rumfuna kuma su yi karo-karo su sayi geji guda na tarayya, da an ga bambanci kafin shekara ta kewayo. Su ma malaman jami'ar riba ce gare su, tun da motocinsu a can ake kai su.

Kada kuma a ɗauka ina cewa famfo ba ya mutuwa don kansa. Yana mutuwa, domin a cikinsa akwai 'yan gawayi biyu masu gogar tagulla, shekaru suna cinye su, kuma motar da ta yi shekara 15 a Turai kafin ta ga Kwatano ta riga ta ci rabin ajalin famfonta ko fiye. Alamar wannan sananniya ce: mota ta ƙi tashi, a bugi ƙasan tanki da tafin hannu ko guntun katako, ta tashi. Wanda ya kai wannan matsayi ya daina dogara ga bugu, ya nemi wani tun bai kwana a dajin da ke tsakanin Giwa da Funtuwa ba. Amma in za a canza, a canza bisa ƙa'ida: a cire kan batir tukuna, a nisanci wuta da sigari, a sauke tanki a wanke shi a bar shi ya bushe in an ga laka ko tsatsa, a sa sabuwar rariya da sabuwar filta, a yi amfani da tiyon da aka yi don zama cikin fetur ba kowane guntun roba ba, a gyara soket in ya ƙone, a tabbata robar murfi ta zauna daidai don kada warin mai ya cika mota. Mai mota kuma ya tsaya a kan abu biyu, ba tare da ya ci mutuncin kowa ba: a auna matsi a gabansa kafin a mayar da kujera, a kuma miƙo masa tsohon famfon tare da rariyarsa ya gani da idonsa, domin in rariyar ta fito baƙa ƙirin cike da laka, to ya san daga ranar sai ya canza inda yake shan mai.